SHARHI: DARAJAR FAIFAN ASALI A KASUWAR FINA-FINAI

A shekarar 1954 kamfanin Warner Bros. na ƙasar Amurka ya fitar da fim ɗin waƙe-waƙe mai suna A Star Is Born, wanda George Cukor ya ba da umarninsa, Judy Garland kuma ta fito a matsayin tauraruwa. Da aka soma nuna shi, sai kamfanin ya ga tsawonsa na sa'o'i uku yana rage yawan nunin da gidajen silima za su yi a rana. Saboda haka ya datse kusan rabin sa'a, har da waƙoƙi biyu, aka kuma yi watsi da mafi yawan abin da aka cire.

Kusan shekaru 30 bayan haka, wani masanin adana fina-finai, Ronald Haver, ya binciki rumbunan kamfanin, ya tarar da cikakken sautin fim ɗin yana nan lafiya lau. A kan wannan sauti ya sake gina fim ɗin, inda babu hoto mai motsi ya cike giɓin da hotuna marasa motsi. A 1983 aka sake nuna shi da tsawon minti 176, ya kuma koma kasuwa a kaset ɗin bidiyo da faifai. Sautin da aka adana ne ya farfaɗo da hajar da aka riga aka lalata.

Haka kuma lokacin da Ted Turner ya sayi kamfanin MGM a 1986, ya sayar da sauran sassansa ya riƙe rumbun tsofaffin fina-finai. Daga wannan rumbu ne kamfanin Rhino ya fitar da faifan CD guda biyu na waƙoƙin The Wizard of Oz a 1995, ɗauke da ɗaukan da ba a yi amfani da su ba da waƙar da aka cire daga fim ɗin tun 1939. Jama'a suka biya kuɗi don abin da a da aka ɗauka saura ne.

Wasu 'yan kasuwa za su ce adana tef ɗawainiya ce: yana bukatar ɗaki mai sanyi maras laima, kuma riba ba ta zuwa da wuri. Gaskiya ne, amma kwafin da aka sayar a kasuwa an riga an cakuɗa murya da kiɗa a cikinsa. Duk wanda zai sake tace sauti da sabuwar na'ura, ko ya ba da hayar kiɗan kaɗai ga masu talla, faifan asali ya fi yi masa amfani. Gobarar da ta tashi a harabar Universal a watan Yuni na 2008 ta nuna girman haɗarin. A 2019 mujallar New York Times ta ƙiyasta cewa faifan asali tsakanin 118,000 zuwa 175,000 ne suka ƙone, ko da yake kamfanin ya ce an zuzuta adadin.

Wannan darasi ya shafi masu zuba jari a fina-finan Hausa, waɗanda waƙa ke cikin manyan abubuwan da ke sayar da su. Ya kamata duk mai shirya fim ya karɓi murya da kiɗa a rarrabe daga ɗakin ɗaukar sauti, ya rubuta suna da kwanan wata, ya ajiye kwafi a wurare daban-daban. Sa'an nan a rubuta yarjejeniya da ke fayyace mai haƙƙin mallaka tsakanin mawaƙi da makaɗi da mai jari. Tsofaffin kaset kuwa a gaggauta juya su zuwa kwamfuta, a kai kwafi ma'adanar fina-finai da sauti ta ƙasa da ke Jos, tun kafin zafi da ƙura su cinye su.