Shamuwa Ta Iso, Ina Masaukinta?

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya tashi a ƙasar Birnin Kudu ko Gwaram ya san cewa idan bazara ta yi nisa, wajen watan Afrilu zuwa Mayu, shamuwa kan sauka bisa kukoki da tsamiyoyin cikin gari. Da ganinta manomi zai shiga sharar gona, ya kai garmarsa maƙera, don ya tabbata damina ta ƙarato.

Wannan baƙuwa daga nesa take zuwa. Takan yi cin rani a kudancin Afirka, wajen Zambiya da Zimbabuwe, sa'an nan ta biyo ruwan sama har ƙasarmu, ta yi sheƙa, ta ƙyanƙyashe 'ya'yanta. Abincinta kuwa fara ne da tsutsotsin da ke cinye mana shuka. Shi ya sa iyayenmu suka hana yara jifanta.

To, jifa mun bari, amma mun koma sare masaukinta. Manyan itatuwa sai faɗuwa suke yi saboda gawayi da itacen girki, alhali tsamiyar da aka kayar yau, sai an shekara aru-aru kafin wata ta kai girmanta. Tsuntsayen Turai masu sauka a dausayin Baturiya sun sami gata, tun da aka sa wurin cikin yarjejeniyar Ramsar a 2008. Shamuwa kuwa ba ta da mai gadi sai mu.

Saboda haka idan mun koma gida hutu, mu ƙidaya itatuwan da take sheƙa a kai, mu rubuta ranar isowarta, mu kuma roƙi dagatai da masu unguwanni su hana sare su. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.