Tamowa: Darasin da iyaye mata suka koya wa masana

A ƙarshen watan Maris na shekarar 2025, shugabanni da masana da masu ba da agaji suka hallara a birnin Paris domin babban taron duniya kan abinci mai gina jiki, wanda ya biyo bayan irinsa na Landan a 2013 da na Tokyo a 2021. An yi jawabai, an ɗauki alkawuran kuɗi, aka watse. Bayan wata huɗu, ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta bayyana cewa yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin watanni shida na farkon shekarar, sakamakon tamowa. Tsakanin ɗakin taron Paris da gadon asibitin Katsina akwai tazara mai faɗi, kuma ra'ayina shi ne rabinta ta kuɗi ce, ɗaya rabin kuwa ta harshe ce da rashin sauraro. Tarihin binciken wannan ciwo shi ne hujjata.

A shekarar 1929 wata likita haifaffiyar Jamaika, Cicely Williams, ta kama aiki a ƙasar da ake kira Gana a yau. A asibitin yara na birnin Akara ta riƙa ganin ƙananan yara masu kumburin ƙafa da ciki, gashinsu ya yi ja, fatarsu tana saɓulewa. Ta tambayi matan wurin sunan ciwon, suka ce da harshen Ga kwashiyoko ne, ma'ana ciwon da ke kama yaron da aka ture daga nono saboda an samu na bayansa. Ta bayyana ciwon a rubuce a 1933, sannan a 1935 ta sanya wannan suna a mujallar likitoci ta Lancet. Wasu manyan likitocin Ingila suka yi mata ca, suka ce ai wani sanannen ciwon fata ne ta kasa ganewa. Lokaci ya gaskata ta. Abin lura a nan shi ne, kalma guda ta tattara wanda ciwon ke kamawa da lokacin da yake kamawa da kuma dalilinsa. Bahaushe ma yana da irin wannan sani, domin da ka ce mace ta yi rurrutsa, ko yaro ya sha ciki, duk tsohuwar da ke gidan ta san abin da ake tsoro.

Da masana suka koma ɗakunan bincike, sai suka yi shekaru suna bin hanya guda. Aka ɗauka cewa ƙarancin sinadarin furotin ne babbar matsalar duniya, aka kashe dukiya wajen ƙirƙiro garuruka daga kifi da sauransu. Sai a 1974 Donald McLaren ya rubuta a Lancet cewa an yi babban kuskure, domin yawancin yaran abincin ne gaba ɗaya bai ishe su ba. Wannan ba abin kunya ba ne ga ilimi, don kuwa gyara kuskure shi ne adon bincike, amma yaran da suka mutu a tsakani ba za su dawo ba.

Har zuwa shekarun 1990, maganin tamowa mai tsanani wata madara ce da ake damawa da ruwa, kuma dole sai an kwantar da yaro a asibiti na makonni. Uwar da ta bar 'ya'ya huɗu a gida da gona a tsakiyar damina ba za ta iya wannan zama ba, shi ya sa da yawa ba sa zuwa, waɗanda suka zo kuma sukan tafi kafin sallama. A 1996 likitan Faransa André Briend, tare da kamfanin Nutriset, ya haɗa gyaɗa da madarar gari da sukari da mai da sinadaran bitamin, aka samu abin da ake kira Plumpy'Nut. Ƙunshi ɗaya giram 92 ne, yana ɗauke da kalori 500, ba ya buƙatar ruwa ko wuta, saboda haka ƙwayoyin cuta ba sa samun wurin yaɗuwa a cikinsa. Daga shekarar 2000 likita Steve Collins ya fara gwada jinyar yara a gidajensu a ƙasar Habasha. Babban gwajin ya zo lokacin yunwar 2005 a Jamhuriyar Nijar, inda MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000, akasari a yankin Maraɗi, mafi yawansu a hannun iyayensu mata, kuma kimanin kashi 90 cikin ɗari suka warke. A 2007 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, ciki har da ta lafiya da asusun kula da yara, suka amince da wannan tsari a hukumance.

Ba a tsaya nan ba. A Mirriya ta jihar Damagaram, ƙungiyar ALIMA ta koya wa mata auna damtsen 'ya'yansu da ɗan zare mai launi uku, inda ja ke nuna kaurin da bai kai milimita 115 ba, alamar yaro yana cikin haɗari. Sakamakon da aka wallafa a 2015 da 2016 ya nuna cewa awon iyaye mata bai gaza na ma'aikatan lafiya na ƙauye ba. Mai karatu zai lura cewa duk lokacin da binciken ya ci nasara, to ya miƙa wani abu ne ga hannun uwa, ko kuma ya karɓo wani abu daga bakinta.

To mu ina muka tsaya? Jerin maƙalun Lancet na 2008 ya tabbatar da cewa daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, wato abin da daga baya aka kira kwanaki dubu na farko, nan ne ake gina jiki da ƙwaƙwalwa, kuma tsumburewar da ta auku a wannan lokaci da wuya ta gyaru. Na 2013 ya ƙiyasta cewa rashin abinci mai gina jiki na da hannu a kashi 45 cikin ɗari na mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Amma mutum nawa ne a gidajenmu suka taɓa jin wannan bayani da Hausar da za ta shiga kunne? Har gobe akwai gidajen da ake matse dakashi a zubar, alhali shi ne rigakafin farko na jariri. Ana ce wa mata su shayar da nonon uwa zalla na wata shida, ba tare da an amsa tambayar kakar yaro ba, wadda ke ganin hana jariri ruwa a zafin bazara zalunci ne. Amsar tana nan, domin kusan kashi 88 cikin ɗari na nono ruwa ne, sai dai ba a faɗe ta inda ya kamata.

Na san za a ce talauci da rashin tsaro da tsadar hatsi su ne tushen matsalar, kuma kalmomi ba sa cika tukunya. Gaskiya ne, kuma janyewar tallafin Amurka a 2025 ta nuna mana haɗarin dogaro da aljihun wani, ga shi ƙasar da ta yi suna da dalar gyaɗa tana jiran agaji kafin ta ciyar da 'ya'yanta abincin gyaɗa. Wajibi ne gwamnatocin jihohi su sanya kuɗin wannan magani a kasafinsu, su kuma saki kuɗin a kan lokaci. Sai dai ko an kawo maganin, idan uwa ta ɗauki kumburin ɗanta a matsayin ƙiba ko aikin iska, ba za ta zo da wuri ba.

Don haka ina kira ga jami'o'inmu da su haɗa sassan kiwon lafiya da na harsuna a aiki guda: a shiga ƙauyuka a tattara sunayen da mata ke kiran waɗannan cututtuka da yadda suke fassara su, a daidaita kalmomin, sannan a wajabta wa duk mai binciken da ya tattara bayanai daga jama'a ya koma ya gaya musu abin da ya gano da harshensu, a rediyo da masallaci da wurin suna. Masu iya magana sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Cicely Williams ta tambayi mata ta samu amsa tun shekara casa'in da suka wuce. Allah Ya ba mu ikon yin irin tambayarta.