Fiziks Ya Raba Gardama a Kusugu

Ƙannena, da na dawo hutu na tarar da gardama a majalisarmu ta Kusugu. Wata mota ta buge ɗan acaɓa a shigar garin Daura, ya karye a ƙafa, direban kuma ya rantse gudunsa bai wuce kilomita 40 ba. Ashe kyamarar gaban motar kawuna, da ke biye da shi, ta ɗauki komai.

Kun tuna darasin SS1? Gudu shi ne nisa a raba da lokaci. Na ɗauki tef na auna tsakanin falwaya biyu da suka fito a bidiyon: mita 40. Kyamarar tana ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa guda. Daga inda tayar baya ta zo daidai falwayar farko zuwa ta biyu na ƙirga hoto 60, wato daƙiƙa 2. Mita 20 ke nan a daƙiƙa. A ninka da 3.6, kilomita 72 a awa. Ƙa'idar Hukumar Kiyaye Haɗurra a cikin gari kuwa 50 ce.

Wani dattijo ya ce wataƙila na yi kuskuren ƙirga. Gaskiyarsa. Sai na ƙara wa direban hoto 10 kyauta, amma gudun bai sauko ƙasa da 61 ba.