FAYIL NA BARCI A MA'AIKATAR SHARI'A, MAI HAƘƘI NA KUKA A GIDA

Ya ku 'yan uwa, akwai wata magana da duk wanda ya taɓa zama a bencin kotun majistare a Kano ko Kaduna ko Katsina ya haddace ta ko bai so ba. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara zai miƙe ya ce har yanzu ana jiran shawara daga Ma'aikatar Shari'a, alƙali ya duba kalanda ya yanke wata rana, a tasa ƙeyar wanda ake tuhuma zuwa mota, shi kuwa mai haƙƙi, wanda aka kashe wa ɗa ko aka lalata wa 'ya, ya kama hanyar gida ba wanda ya ko dube shi. Wata mai zuwa haka, na bayansa ma haka. To wai shin wace irin shawara ce wannan da ake shekara ana jiranta? Wa ke bayar da ita, kuma me ya hana shi?

Bari mu bi sawun fayil ɗin, domin da yawanmu ba mu san hanyar da yake bi ba, rashin sanin nan kuwa da shi ake cin mu. Idan aka yi babban laifi kamar kisan kai ko fashi da makami ko fyaɗe, 'yan sanda sukan kai wanda suke zargi kotun majistare, alhali sun san wannan kotun ba ta da hurumin yin shari'ar. Abin da kawai za ta yi shi ne ta ba da umarnin a tsare shi a gidan yari. Daga nan sai a kwafi fayil ɗin bincike a aika ofishin Daraktan Gabatar da Ƙararraki, wanda ake kira DPP, a Ma'aikatar Shari'a ta jiha. Can ne wani lauyan gwamnati zai karanta ya ce ko dai akwai hujjar da ta isa a shigar da ƙara a Babbar Kotu, ko kuma babu, a saki bawan Allah. Shawarar ke nan, takarda ce da sau da yawa ba ta wuce shafi biyu ko uku ba. Amma a tsakanin teburin ɗan sanda da teburin wannan lauya rayuwar dubban matasa take ruɓewa.

Alƙaluman da hukumar gidajen gyaran hali ke fitarwa da kanta sun daɗe suna nuna abu guda: kusan biyu cikin kowane mutum uku da ke tsare a Nijeriya ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. A shekarar 2019 aka sauya wa gidajen suna daga gidan yari zuwa gidan gyaran hali. To wane hali za a gyara wa mutumin da ba a ma tabbatar ya yi laifi ba? Ku je Kurmawa ko Goron Dutse ranar ziyara ku ga su waye a ciki. Sa'o'inku ne, ƙannenku ne, 'yan acaba da 'yan ga-ruwa da masu tura kura. A ƙarshen 2023 Ministan Cikin Gida ya yi shelar sakin fursunoni sama da 4,000 bayan an biya musu tara, aka yi ta tafi. Madalla. Amma waɗancan an riga an yanke musu hukunci ne, kuɗin tara suka rasa. Shi wanda fayil ɗinsa ke barci a kabad ba shi da tarar da za a biya masa, don ba a ma fara sauraronsa ba.

Kada wani ya ce mana doka ce babu. Akwai ta har ta yi yawa. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce wanda aka tsare ba a yi masa shari'a cikin wata biyu ba a sake shi, ko da sharaɗi ko ba sharaɗi, in ban da wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne. Kun ga ƙofar da aka bari a buɗe? Shi ya sa rigimar wayar hannu a bakin tasha take iya komawa fashi da makami a takardar ɗan sanda, domin da zarar an rubuta haka, maganar beli a majistare ta ƙare. A 2007 Kotun Ƙoli, a shari'ar Lufadeju da Johnson, ta amince majistare ya tsare mutum a laifin da ba shi da hurumi a kai kafin a kai shi kotun da ta dace. Sai a 2015 aka yi dokar tarayya ta gudanar da shari'ar laifuka, wadda ta sa wa'adi: umarnin tsarewa kada ya wuce kwana 14, in za a ƙara sai an kawo dalili, shawarar lauyan gwamnati ta fito cikin kwana 14 da karɓar fayil, in an fara shari'a a riƙa yinta kullum, in hakan bai yiwu ba kowane ɓangare kada ya wuce ɗagewa biyar. Jihohi suka yi tasu da 'yan gyare-gyare, Kaduna a 2017, Kano a 2019. An yi taron bita a otal-otal, an raba jakunkuna, an ɗauki hoto. Kwana 14! Ka tambayi duk wanda ɗan uwansa ke ciki ko ya taɓa ganin wannan kwana 14 ɗin da idonsa.

In kuma wani ya ce ai shari'a dole ta ɗauki lokaci, sai mu tuna masa da Hanifa Abubakar, yarinya 'yar shekara biyar da aka sace a Kano a Disamban 2021, mai makarantarsu ya kashe ta. A Janairun 2022 aka kama shi. Duniya ta ɗauka, gwamna ya yi magana, Kwamishinan Shari'a na lokacin da kansa ya jagoranci lauyoyin gwamnati, ranar 28 ga Yulin 2022 Babbar Kotu ta yanke hukuncin kisa a kan mutum biyu. Wata shida da 'yan kwanaki daga kamu zuwa hukunci. Ba mu ce an yi kuskure da aka hanzarta ba, haka ya kamata a yi. Abin da muke cewa shi ne wannan shari'a ta tona asiri: ashe fayil yana iya tafiya da ƙafarsa, ashe shaidu suna iya zuwa, ashe likita yana iya kawo rahoto a kan kari. To ita yarinyar ƙauyen da ba wanda ya sa hotonta a Facebook fa? Jininta ruwa ne?

Nan muka zo kan wanda aka fi mantawa da shi, wato mai haƙƙi. A tsarin da muka gada daga Turawan Ingila, in an kashe maka ɗa, ba kai ke ƙara ba, gwamnati ce. Sunan jiha ake rubutawa a takarda. Kai matsayinka shaida ne kawai, a kira ka ranar da ake buƙatarka, a sallame ka in ka gama. Kowane ɗalibin Islamiyya kuwa ya san a fiƙihu waliyyin jini shi ke da magana, ko ya nemi ƙisasi, ko ya karɓi diyya, ko ya yafe. Su kuma sun ce sun ɗauke maka nauyin ne, za su yi ƙarar a madadinka. To wanda ya ce zai tsaya maka, ashe bai kamata ya san sunanka da lambar wayarka ba? Mai haƙƙi bai san wane lauya ke riƙe da fayil ɗinsa ba. Ba a gaya masa ranar zama. Sai ya hangi wanda ya cuce shi yana shan shayi a unguwa sannan zai san an ba da beli. Tun a caji ofis ake fara tatsarsa: kuɗin man mota a je inda abin ya faru, kuɗin takardar asibiti, kai har kuɗin hoton kwafin fayil ɗin da za a aika Ma'aikatar Shari'a a aljihunsa ake nema. In ya gaza, fayil ya zauna.

Dokar 2015 ɗin nan ta ba kotu ikon ta sa mai laifi ya biya wanda ya cuta diyya. Ta ce shaidan gwamnati yana da haƙƙin a biya shi kuɗin da ya kashe wajen zuwa kotu. Ta yarda a wasu laifuka a ɓoye sunan shaida ko a saurare shi a asirce. Amma kotu ba ta cika ba da abin da ba a roƙa ba, kuma mai roƙon shi ne lauyan gwamnati. Uwar da ta taso daga ƙauye ta biya kuɗin mota da kuɗin ƙosan da ta sayar, ta wuni a barandar kotu da goyo, aka ce mata an ɗage don ɗan sandan da ya yi binciken an yi masa canjin wurin aiki, sau nawa kuke zaton za ta dawo? Zuwa na uku ko na huɗu za ta ce ta bar wa Allah. Sai lauya ya miƙe ya ce shaidu sun ƙi zuwa, alƙali ya kori ƙara, a rubuta cewa mutanenmu ne ba sa son ba da shaida. Kaico! An gajiyar da ita, sannan an ɗora mata laifi.

A maganar fyaɗe abin ya fi muni. A 2020 jihar Kaduna ta tsananta hukunci har da dandaƙa ga wanda ya yi wa ƙaramar yarinya. Hukunci mai tsanani a takarda, amma sai an tabbatar da laifi ake hukunci, tabbatarwa kuwa tana buƙatar gwajin likita cikin gaggawa da kuma wanda zai riƙe hannun iyayen har ƙarshe. Akwai cibiyoyin da ke ƙoƙari, kamar Waraka a asibitin Murtala a Kano da Salama a Kaduna, suna duba waɗanda aka yi wa ta'asa. Allah ya saka musu. Sai dai aikinsu yana tsayawa a ƙofar kotu. Daga nan yarinya da ubanta su kaɗai ne, ga dangin wanda ake zargi suna aiko da dattawa a rufa asiri, ga unguwa tana nuna ta da baki. Legas tun 2014 ta haɗa tawagar lauyoyi da likitoci da 'yan sanda a kan irin wannan, a 2021 ta mai da ita hukuma da doka. Mu me ya hana a ware ko da ofis guda a Ma'aikatar Shari'a, da mutum biyu da waya, aikinsu kawai su kira masu haƙƙi su gaya musu inda aka kwana?

Sannan ga babbar sanda. Sashe na 211 na Kundin Tsarin Mulki ya ba Antoni Janar na jiha ikon ya janye duk wata ƙarar laifi kafin a yanke hukunci, kuma tun 1983, a shari'ar Ilori, Kotun Ƙoli ta ce kotu ba ta bincikar dalilinsa. Shi wannan Antoni Janar shi ne Kwamishinan Shari'a, gwamna ya naɗa shi, gwamna ke iya cire shi. Ɗan siyasa ne ke riƙe da makullin. Ba sai mun faɗa muku fayil ɗin wa ke gudu da fayil ɗin wa ke gurguncewa ba idan ɗan daban wani mai girma ya sari ɗan talaka lokacin zaɓe. An rubuta cewa ya yi la'akari da maslahar jama'a da adalci, amma ba a rubuta cewa ya kira uban mamacin ya yi masa bayani ba.

Adalci ne mu faɗa cewa ba kowane lauyan gwamnati ne azzalumi ba. Akwai waɗanda aka jibge wa fayiloli fiye da ƙarfinsu, yau suna wannan kotu gobe suna wata ƙaramar hukuma, ba mota ba alawus. Wani fayil ɗin 'yan sanda ba su ma aiko ba, wani ya zo ba rahoton likita, ba bayanin shaidu. Wani lokacin alƙali ya samu ƙarin girma ko ya yi ritaya, a koma farko. A 2021 ma'aikatan kotuna suka yi yajin aiki na sama da wata biyu, komai ya tsaya cik. Duk mun ji. Amma wannan uzurin ƙaramin ma'aikaci ne, ba uzurin gwamnatin da ke da kuɗin sayen jerin gwanon motoci ba. In aiki ya yi yawa, a ɗauki lauyoyi, ga su nan birjik suna yawon neman aiki. In fayil ya zo a gurguje, a mayar da shi da wa'adi a rubuce. Kuma a fito a gaya wa jama'a duk wata uku: fayil nawa aka karɓa, nawa aka ba da shawara a kansu, nawa suka haura wata shida a ajiye, nawa aka janye kuma don me. Ofishin da bai ƙirga kayan da ke kansa ba ta yaya zai ce yana sarrafa su?

Ku kuma 'yan uwa matasa, mun san abin da wannan takaici ke haifarwa. Shi ne a ji ihun ɓarawo a kasuwa, kowa ya ɗauki dutse, ana cewa in an kai shi hukuma gobe za a sake shi. Wallahi wannan ba gyara ba ne. Taron da ya kashe mutum ba shaida ba bincike ya fi lauyan da ya danne fayil zalunci, kuma washegari motar 'yan sanda za ta zo ta kwashi duk wanda ta samu a layin, ku ma ku shiga sahun masu jiran shawarar nan.

In abu ya sami wani a unguwarku, kada ku bar shi ya tafi shi kaɗai. A samu mai ilimi a cikinku ya riƙe littafi: lambar ƙara, sunan kotu, sunan ɗan sandan da ke bincike, ranar da aka ce an aika fayil. In wata ya wuce shiru, a rubuta takarda zuwa ga Antoni Janar, a kai da hannu, a sa su buga hatimin karɓa a kwafinku, a kai wani kwafin ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Wanda ke tsare ba shi da lauya, a kai sunansa Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi, tana da ofis a jihohi. A yi karo-karo na kuɗin motar shaidu, kuma ranar zama a raka su, mutum biyar ko goma, a zauna a benci cikin natsuwa har a kira ƙarar.