Rigar iPod Da Haruffanmu Masu Ƙugiya



Tun a watan Mayun 2022 kamfanin Apple ya sanar da daina ƙera iPod, na'urar da ya fara fitarwa a Oktoban 2001 mai cin waƙa kusan dubu ɗaya. Amma abin bai mutu ba. A makarantarmu kawai na san mutum uku da suka tono na yayyensu daga durowa, suka sa sabon batir, suna jin waƙa ba tare da saƙon WhatsApp ya katse su ba. Ni ma na Yayata nake riƙe da shi.

To, duk mai iPod ya san ciwonsa: karcewa. Bayan nan na ƙarfe mai sheƙi, kwana biyu a aljihu da makulli ya gama da shi. iPod nano na farko, na 2005, ya yi ƙaurin suna a kan haka har aka kai Apple kotu a Amurka, aka sasanta a 2009 kan dala miliyan 22.5. Kafin nan ma, a 2004, Apple da kansa ya sayar wa mutane safa, ee safa, kala shida a kan dala 29, don a zura na'urar ciki. Yanzu kuwa riga ta zama dole.

Inda nake so mu tsaya shi ne abin da muke bugawa a jikin rigar. Masu wannan sana'a suna ba ka fili ka rubuta abin da kake so, su buga, su aiko. Mu kuma da ɗokinmu sai mu zuba Hausa: Ɗan Zango, 'Yar Kano, Ƙauna. Nan ake samun matsala. Haruffan ɓ, ɗ da ƙ suna cikin tsarin Unicode tun farkon shekarun 1990, amma salon rubutu da yawa na ado ba su da su. Sai injin ya buga ɗan akwati a gurbin harafin, ko ya cire ƙugiyar. Wata ƙawata ta nemi a buga mata "Mu ba baƙi ba ne", wato nan ma gidanmu ne. Da kaya suka iso, "Mu ba baki ba ne" ta gani. Mamanta ta yi dariya har da hawaye, ta ce ai da ma surutunku ya isa shaida.

Abin dariya ne, amma ku duba: yawancinmu ba mu taɓa zama ajin Hausa ba. Ɗan abin da muke gani a rubuce shi muke kwaikwaya. In rigar da ke hannunka kullum ta ce "Dan Zango", ƙaninka haka zai koya.

Ga abin da ke aiki. Kada ka rubuta a filin da suka ba ka. Ka tsara rubutun a kwamfutarka da salon da ke da haruffan, irin su Noto Sans, ka mayar da shi hoto, ka tura hoton. Ka nemi su nuna maka samfuri kafin su buga. Ka tabbatar da zubin na'urarka, don rigar nano ta 2005 ba za ta shiga ta 2007 ba, waccan siririya ce, wannan gajera mai faɗi. Bugu a kan roba mai tauri ya fi daɗewa, na roba mai laushi saurin gogewa gare shi. Sannan ka tura wa Mama ko Baba rubutun su duba kafin ka biya. Za su tsokane ka, amma za su gyara.

Wanda ya buga tasa daidai ya aiko mana da hoto. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in sha Allah.