A Koya Wa Yara Girki Da Auna Hatsi

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya tarwatsa iyalai da dama a ƙauyukan Hausawa na Jazira da Bulu Nayil, musamman bayan faɗuwar Wad Madani a Disambar shekarar. A gudun hijira, gidan da uwa kaɗai ta iya girki yakan kwana da yunwa ko da akwai dawa a buhu.

Don haka muna kira ga iyaye, musamman fatake masu kwana a hanya, su koya wa yara, maza da mata, auna hatsi, tuƙa asida, yin kisra da adana ragowa. Girki ba abin kunya ba ne ga namiji, ai da agashe aka san Bahaushe daga Mai Wurno har Damazin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.