Mai hoto, auna shagonka kafin ka sayi ido

A wannan sati filin namu ya sauka Matamaye, inda wani saurayi mai sana'ar hoto ya kawo mana kukansa. Shekara biyu ke nan yana aiki da kamara ta hannu wadda ya sayo tare da idonta na asali, wato gilashin da masu sana'a ke kira obijektif, mai lamba 18-55. Bayan wani biki, dangin amarya suka maido masa da hotuna, suka ce hancin ɗiyarsu ya kumbura, fuskarta kuma ta yi duhu, har wata gwaggo ta ce salular jikanta ta fi wannan aiki. Ya tara ƴan jikkuna, wani dillali kuma ya nuna masa dogon ido mai lamba 75-300, ya ce da shi manya ke aiki. Tambayarsa ita ce: ya saya ko ya dakata?

Ɗan'uwa, dakata tukuna. Kuɗin da aka tara dala-dala daga hoton kartidantite da na ƴan lakkal ba na gwaji ba ne.

Mu fara da hancin amarya. Ba kamara ce ta kumbura shi ba, kusantar da ka yi ce. In ka bar idon a kan 18, sai ka matso kamar rabin metir kafin kai da kafaɗu su cika hoton. A wannan tazara hanci ya fi kunnuwa kusa da kai ƙwarai, saboda haka sai ya fito ƙato, kunnuwa su ja baya. In ka koma metir ɗaya da rabi ko biyu, bambancin ya ragu, fuska ta fito yadda mutane suka san ta. Amfanin ido mai lamba babba shi ne ya ba ka damar tsayawa nesa, fuskar kuma ta cika hoton. Yau ma kana iya gwadawa ba da ko tamma ba: murɗa idonka zuwa 55, ka ja da baya.

Sai maganar duhu, kuma a nan ne idon asali ya gaza. Kowane ido yana da ƙofar da haske ke shiga, ana auna ta da lambar da ke bin harafin f. In lambar ta yi ƙanƙanta, ƙofar ta yi faɗi. Idon 18-55, in ya kai 55, ƙofarsa ba ta wuce f/5,6. Akwai kuwa ido mai lamba 50 wanda ba ya zuƙowa, ba ya turawa, amma ƙofarsa tana buɗewa har f/1,8, hasken da yake sha ya kusa ninka na farkon sau 10. A ɗakin amarya mai ƙaramar taga, ko a zaure bayan la'asar, wannan shi ne bambancin hoton da za a rataye da wanda za a maido maka. Faɗin ƙofar kuma yana narkar da abin da ke bayan mutum, katangar da ta tsage da igiyar shanya su dushe, fuska ta tsaya ita kaɗai.

Abin farin ciki, wannan ido yana cikin mafi arha da kamfanonin ke ƙerawa. Canon ya fito da nasa EF 50 f/1,8 II a 1990, ya sabunta shi da mai suna STM a 2015. Nikon ya fito da AF-S 50 f/1,8G a 2011. A kan ƙananan kamarori irin naka, 50 tana gani kamar 80 a Canon, kamar 75 a Nikon, wato dab da 85 ɗin da masu hoton fuska suka daɗe suna so tun zamanin fim. Saboda haka 85 mai tsada ba ta zama maka dole ba. Shi kuwa 75-300, ƙofarsa ba ta fi ta idon da kake da shi faɗi ba. Ranar hawan salla, dawakan sarkin Kance na nesa, rana na tsaka, zai yi maka rana. Cikin shago kuwa sai dai ya yi maka nauyi.

To amma kafin ka fidda kuɗi, ɗauko igiya ka auna shagonka. Matanmu ba fuska kaɗai suke so a gani ba: akwai atamfa, akwai ɗaurin kallabi, akwai lallen ƙafa. Domin ɗaukar mutum tsaye daga kai har ƙasa da 50, kana bukatar fiye da metir 4 tsakaninka da shi. In shagon bai kai haka ba, mai Nikon ya nemi AF-S DX 35 f/1,8G na 2009, wanda metir 3 ya ishe shi. Mai Canon kuma akwai EF-S 24 f/2,8 na 2014. Kada ka sayar da 18-55 ɗinka, shi ne na hoton taron dangi. Kuma kada daɗin f/1,8 ya ɗauke ka: a wannan buɗi, ido ɗaya na iya fitowa tar, ɗayan ya dushe. Mutum guda, f/2,8. Ango da amarya, f/4 ko f/5,6.

Yanzu sai ciniki. Ko Damagaram ka nufa, ko ka bi ta Ɗan Barto da Daura zuwa Kano, tafi da kamararka a hannu, domin kowane kamfani da irin bakinsa. Canon ya canza baki a 1987, tsofaffin idanunsa na FD ba su hawa kamarorin EOS kai tsaye. A 2018 Canon da Nikon suka fito da sababbin bakuna, RF da Z, waɗanda idanunsu ba su hawa tsofaffin kamarori ko kaɗan. Mai Nikon D3100, D3200 ko D5100 ya kula da tarko guda: idon 50 f/1,8D na 2002 ya fi arha, yana kuma hawa daidai, amma ba zai daidaita gani da kansa ba, don waɗannan kamarori ba su da motar juya shi. A nemi mai rubutun AF-S.

In na hannu ne, cire murafen biyu, haska fitilar salula ta baya, ka leƙa ta gaba. Ƴar ƙura ba komi ba ce, duk wanda ya sha hunturu a Damagaram ya san ba a raba gilashi da ita. Abin gudu shi ne fumfuna mai kama da saƙar gizo, wadda ke kama kayan da suka daɗe a garuruwa masu laima na bakin teku, sai hazo a cikin gilashi, da ƙarzuwa a gilashin baya. Ɗora shi, ɗauki dillalin kansa hoto a kusa da nesa, ka buɗa hoton ka duba gashin idonsa. Wanda ya hana ka gwaji, ya riga ya gaya maka abin da ke cikin kayansa.

A tuna, Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe wurin hotonsa a 1948, ya yi mafi yawan aikinsa a tsakar gida da hasken rana da zane a bayan mutum, ga shi yau hotunansa suna rataye a manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka. Ya san inda zai zaunar da mutum da inda shi kansa zai tsaya. Salula tana hannun kowa, amma wannan sani ba ya hannun kowa, kuma shi ne ake biyan ka dominsa.

Saboda haka, ɗan'uwa, sayi 50 ko 35 bisa tsawon shagonka. Abin da ya rage ka sayi yadi mai launi guda na bango, da farin kwali na maido haske a fuska, sauran kuma ka mayar asusu. Ka koma gidan amaryar nan ka sake ɗaukar ta kyauta, gwaggo na kallo.

Allah ya sa albarka a sana'a. Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.